Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Bambanta Tsuntsaye 'Yan Ci-rani A Dutsen Jos

Babu manomi a ƙasar Hausa wanda bai san shamuwa ba. Ran da aka wayi gari aka gan ta a kan rimin bakin kasuwa, kowa ya san damina ta ƙarato, sai a shiga sharar gona da neman iri. Amma akwai waɗansu baƙin tsuntsaye da ke zuwa mana kowace shekara, yawansu ya fi na shamuwa nesa ba kusa ba, tafiyarsu kuma ta fi tata nisa, duk da haka ba mai yi musu maraba, ba mai yi musu rakiya. Sukan iso ne da kaka, cikin watannin Satumba da Oktoba, su ci rani tare da mu, in bazara ta kama su ƙetare Hamada su koma ƙasashen Turai inda suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe 'ya'ya. 'Yan ci-rani ke nan na sosai.

Da yawa daga cikin waɗannan baƙi suna cikin wani dangi da Turawa ke kira wabula, wato mai rera waƙa. Ƙananan tsuntsaye ne masu siririn baki, masu cin ƙwari, ba su kai kanari kyan gani ba, waɗansunsu kuwa nauyinsu bai fi na ƙwayar sukari biyu ba. Bahaushen da ya raɗa wa gauraka da burtu da carki da suda suna, in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan sai ya ce ɗan tsuntsu ne kawai, ya wuce. Ba za a ga laifinsa ba. Launinsu duka tsakanin ruwan ƙasa ne da ruwan toka da kore-kore, ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum suna cikin ganye, kuma yawancin zamansu a nan shiru suke yi, sai ɗan tsit-tsit. Su kansu masana, bambanta wannan da waccan yana cikin ayyukan da suka fi ba su wuya.

A ƙasar nan babu inda aka fi zurfafa wannan aiki kamar kan dutsen Jos. Kimanin kilomita 15 daga birnin, kusa da ƙauyen Laminga cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, akwai wani keɓaɓɓen daji da ake kira Amurum. Faɗinsa bai wuce kadada 300 ba, amma an ƙidaya fiye da iri 300 na tsuntsaye a cikinsa, dalili kuwa shi ne ya haɗa manyan duwatsu, da kurmi a bakin rafuffuka, da sarari mai ciyawa da ƙananan itatuwa. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, da ke aiki tare da Jami'ar Jos da yardar jama'ar Laminga. Ta fara karɓar ɗalibai a shekarar 2002, kuma tun daga lokacin take horar da matasan Nijeriya da na maƙwabtan ƙasashe don samun digiri na biyu a ilmin kare halittu. Tun kafin ta ma, a Vom, wurin binciken cututtukan dabbobi, wani Bature mai suna V. W. Smith ya yi shekaru yana kama 'yan ci-ranin nan yana awonsu, har ya buga sakamakon a shekarar 1966.

Launi Makaryaci Ne

Abu na farko da sabon ɗalibi yake yi in ya ɗaga madubin hangen nesa shi ne ya dubi launi, kuma shi ne abu na farko da yake yaudararsa. Gashin tsuntsu kamar tufa ne, yana koɗewa da rana, yana cinyewa da gogar ƙaya. Tsuntsun da ya iso a Oktoba da sabon gashi, kafin Janairu ya zama wani abu dabam. 'Ya'yan bana sukan fi iyayensu rawaya. Ga hazon hunturu da ke dushe kome, ga kuma hasken da ke ratsa ganye yana shafa wa farin ciki kore. Saboda haka gwanayen aikin sukan bar launi sai daga baya. Abin da suke fara dubawa shi ne ƙira: tsawon fiffike, kaurin baki, siffar kai, launin ƙafa, da yadda tsuntsun yake motsi.

Mu ɗauki wadda aka fi gani a Jos, wato wabular wilo, wadda aka sa wa sunan wata bishiya da ke fitowa a bakin ruwa a Turai. 'Yar mitsitsiya ce, bayanta kore-kore, ƙirjinta da ɗan rawaya, tana da farar gira a bisa ido. Tana da 'yar'uwa da ake kira cifcaf, sunan da aka ɗauko daga kukanta. In aka ɗauki hotonsu aka ajiye gefe da gefe, mutum goma ba a sami biyu da za su ce ba tsuntsu ɗaya ba ne. To, ga inda suka rabu. Ƙafar wilo mai haske ce, ruwan ƙasa-ƙasa, ta cifcaf kuwa baƙa ce. Wilo tana da dogon fiffike, in ta naɗe shi tsininsa yakan zarce sosai, na cifcaf gajere ne mai kama da an datse. Cifcaf kuma tana da wata ɗabi'a ta kaɗa bindi ƙasa a kai a kai yayin da take kiwo. Bayan wannan duka sai a tambayi wuri: cifcaf ba ta cika nisa ba, yawancinsu a bakin tekun Bahar Rum da gefen Hamada suke tsayawa, a Nijeriya a can arewa mai nisa aka fi ganinta. Saboda haka duk wanda ya ce ya ga cifcaf a Jos, sai ya zo da hujja mai ƙarfi.

Akwai ta ukunsu, wabular kurmi, wadda maƙogwaronta rawaya ne shar, cikinta fari fat, fiffikenta ya fi na duka biyun tsawo. Ita ratsawa take yi ta Jos a kan hanyarta ta zuwa kurmin kudu da dawowa. Waɗannan ukun suna da tarihi. A zamanin da, mutanen Ingila sun ɗauke su tsuntsu ɗaya ne, sai wani limamin coci a ƙauyen Selborne, mai suna Gilbert White, ya zauna yana sauraronsu shekara da shekaru, ya tabbatar cewa waƙa uku ce dabam-dabam, don haka tsuntsaye uku ne. Ya rubuta haka a littafinsa da ya fito a shekarar 1789. Ba shi da na'urar ɗaukar murya, ba shi da irin madubin yanzu.

Mai-shawara Da Mai-harsuna

Inda aikin ya fi tsauri shi ne wajen waɗansu biyu da suka ɗan fi waɗancan girma, masu faffaɗan baki da rawayan ciki. Ɗaya sunanta a littattafan ilmi ya samo asali ne daga kalmar Girkanci ta ciwon shawara, saboda rawayarta, don haka bari mu kira ta Mai-shawara. Ɗayar kuma sunanta yana nufin mai harsuna da yawa, domin takan kwaikwayi kukan waɗansu tsuntsaye ta cusa cikin waƙarta, sai mu kira ta Mai-harsuna. Fuskarsu iri ɗaya ce, babu baƙin layi a ido, kamar wanda bai sa kwalli ba. Girmansu ɗaya. Har tada gashin ka suke yi iri ɗaya in sun firgita.

Fiffike ne ke raba gardama. Na Mai-harsuna da wuya ya wuce milimita 71, na Mai-shawara kuwa daga 73 yake farawa ya yi sama. A daji ba mai riƙe da ma'auni, amma ido yana iya gane tsinin fiffike in ya zarce gashin da ke rufe da shi: a jikin Mai-shawara abin da ya zarce ya kusa tsawon gashin rufin, a jikin Mai-harsuna bai fi rabinsa ba. Mai-shawara in gashinta sabo ne tana da wani fari-fari a tsakiyar fiffike, ƙafarta kuma ruwan toka ce mai shuɗi-shuɗi, ta 'yar'uwarta ta fi karkata ga ruwan ƙasa.

Wannan bambanci na fiffike ba kwalliya ba ce, tafiya ce ta kawo shi. Mai-harsuna daga Faransa da Sifen da Italiya da arewacin Afirka take tasowa, ta sauka nan Afirka ta Yamma, tafiyarta ta ƙare. Mai-shawara kuwa daga tsakiya da gabashi da arewacin Turai take fitowa, ba ta tsayawa sai ta wuce tsakiyar duniya ta kai kudancin Afirka. Mai doguwar tafiya shi ke da dogon fiffike, haka abin yake tsakanin wilo da cifcaf ma. Ma'anar wannan ga mai lura a Jos ita ce kalanda ma shaida ce. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wata safiya cikin Janairu na hangi ɗaya a kan ɓaure, rawayarta ta burge ni, nan take na rubuta Mai-shawara a littafina. Wani ɗalibi da ke kusa ya leƙa ya gani, bai ce na yi kuskure ba, sai ya tambaye ni cikin ladabi, “Malam, yau nawa ga wata?” Da na sake ɗaga madubi sai ga gajeren fiffike ƙiri-ƙiri. A wannan wata 'yan'uwan wadda na rubuta suna can wajen Zambiya da Botswana.

Sa'an nan akwai wabular lambu, wadda alamarta ita ce rashin alama. Ba gira, ba zane, ba fari a bindi, ruwan ƙasa mai toka-toka daga kai har ƙafa, sai dai zagayayyen kai, da baƙin ido mai kama da na mai tawali'u, da ɗan guntun baki mai kauri. Ɗalibai sukan ce in ka duba ka rasa abin da za ka rubuta, to ita ce. Amma wannan marar kwalliya tana cikin waɗanda aka fi nazari a Amurum. Binciken da Ulf Ottosson da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2005 ya bi zirga-zirgarta a Nijeriya da yadda nauyinta ke sauyawa. Tsuntsuwar da ba ta fi giram 17 ko 18 ba, in lokacin komawa ya zo sai ta duƙufa kan 'ya'yan itatuwa ta tara kitse har ta doshi giram 30. Wannan kitse shi ne guzurinta na ƙetare Hamada, wadda faɗinta ya kusa kilomita 2,000.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙi ne kaɗai ke rikita mutum. Akwai 'yan gida masu kama da su: wata mai doguwar jela da take ɗagawa sama, wata kamar ba ta da jela sam, wata mai kuka kamar ɗan akuya a cikin sarƙaƙiya, har da matan tsuntsayen nan masu shan ruwan fure, waɗanda lanƙwasasshen bakinsu ne kawai ke tona musu asiri. A kududdufan da haƙar kuza ta bari kuma akwai wabulolin kyauro, su ma da nasu rikicin.

Inda Ji Ya Kori Gani

Mun saba cewa gani ya kori ji. Wajen dangin da ake kira sistikola, maganar juyewa take yi. Waɗannan 'yan ƙasa ne, ba sa zuwa Turai, sun kai iri hamsin, kusan dukansu a Afirka. Ƙanana ne masu launin busasshiyar ciyawa, kuma don ƙarin wahala da yawansu sukan sake kama tsakanin damina da rani, bindinsu ya ƙara tsawo, zanen bayansu ya sauya. Wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Hubert Lynes ya ba da shekarun ritayarsa ga warware su, ya fitar da babban nazarinsa a shekarar 1930, har yanzu kuwa ana komawa gare shi.

Mai son sanin sistikola sai ya tambayi abu biyu: a ina take zaune, me kuma take cewa? Wadda ke tsalle a tsakanin manyan duwatsun Amurum, mai jan kai, ba ta sauka fadama. Wadda ke bakin ruwa, kukanta kamar ana ɗaure agogo. Wata babba mai kaurin baki tana ƙugi kamar kwaɗo daga kan kututture. Wata 'yar ƙarama kuma takan tashi sama da damina tana lilo a iska, duk lilo ɗaya ta ce zit. In damina ta wuce suka yi shiru, gwani ma yakan rubuta sistikola kawai, ya bar gurbin suna babu kome. A wannan sana'a ba a ɗaukar hakan abin kunya. Abin kunya shi ne cika gurbin da zato.

Har sabon iri an gano ta hanyar kunne. A shekarar 1991 waɗansu Faransawa biyu, Claude Chappuis da Christian Érard, suka ba da sanarwar wata sistikola daga arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi, wadda a ido ba ta da maraba da wata da aka daɗe da sani, amma waƙarta dabam. Daga baya, a 2005, aka gane cewa Lynes ya riga ya ba ta suna tun 1930, sai dai ya ɗauke ta reshe ne na waccan, ba iri mai zaman kansa ba. Jos ma tana da nata labarin, ko da yake ba na wabula ba ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli da ba ya yin sheƙa, sai macen ta saka ƙwai a sheƙar wani irin baiwar Allah, ɗan ya tashi yana rera waƙar mariƙinsa. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya bi diddigin waƙar da na Jos yake kwaikwayo, ta kai shi ga wata baiwar Allah ta duwatsu mai jan baya, wadda ilmi bai san da ita ba sai da ya bayyana ta a shekarar 1998.

Abin da ido da kunne suka kasa, hannu yakan warware. Da asuba masu bincike sukan kafa wata raga mai laushi kamar saƙar gizo-gizo a tsakanin itatuwa. Tsuntsun da ya faɗa sai a cire shi a hankali, a auna fiffike da nauyi, a hura gashin ciki a ga yawan kitse, a sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. A nan ne gardamar wilo da cifcaf take mutuwa: in aka baje fiffike aka ƙirga dogayen gasusuwan, na shida a jikin cifcaf yana da ɗan ragi a gefe kamar an fiƙe shi da wuƙa, na wilo ba shi da shi.

Ina Amfanin Wannan Wahala?

Mai karatu yana da haƙƙin yin wannan tambaya, ga kuwa amsa daga tarihi. Akwai wata wabula mai farin maƙogwaro da jan fiffike, wadda take cin rani a ƙasashenmu. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gida ba a samu ba. A shekarar 1974 waɗansu masana suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama ne a yankin Sahel ya hallaka su. Wato ɗan tsuntsu ya kai labarin fari Turai shekaru kafin bala'in 1972 da 1973 ya karkashe dabbobi ya tada garuruwa a ƙasar Hausa da Barno da Nijar. Da masu ƙidayar nan sun haɗa wabuloli duka sun kira su ɗan tsuntsu, da ba wanda ya lura iri ɗaya ne ya faɗi, balle a tambayi abin da ya faru a inda yake cin rani.

Ita wannan mai farin maƙogwaro an bi sawunta daga Jos. Masu bincike na Jami'ar St Andrews ta Sikotilan tare da cibiyar Amurum sun goya wa waɗansu wata 'yar na'ura da ba ta kai giram ɗaya ba, mai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana. Wanda ya san yadda lokacin salla yake bambanta tsakanin Maiduguri da Sakkwato ya riga ya fahimci dabarar: daga lokacin rana ake gane wuri. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa a gabashin Turai suke sheƙa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sukan komo ɗan yankin dajin da suka zauna bara. To, in tsuntsuwa ta yi tafiyar dubban kilomitoci ta tarar an sassabe wurin an yi itacen girki, ko an banka masa wuta, ko an yanka filaye, sai ta shiga neman wani wurin da ba ta sani ba. A kewayen Jos kuwa sassabe da gine-gine ba su tsaya ba.

Tun ƙarshen shekarar 2015 cibiyar take jagorancin aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani da wayar hannu, akwai kuma ƙungiyar matasan Arewa a cikin aikin. Duk sunan da aka shigar yakan zauna a taswira, wani ya zo bayan shekara ashirin ya gina hukunci a kansa. Shi ya sa in aka aiko da sunan tsuntsu daga inda ba a san shi ba, masu tantancewa sukan nemi hoto ko murya ko cikakken bayani kafin su karɓa.

Ga wanda yake son koyo, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu. A lokacin wilo ta gama sake gashi, domin ita sau biyu take sakewa duka a shekara, abin da ba kasafai ake samu a tsuntsaye ba. Masu ratsawa daga kudu sun iso, mazan kuma sun fara gwada murya kafin tafiya, sai mutum ya ji waƙar ya kuma ga mai ita a reshe ɗaya. A fita da sassafe, a juya wa rana baya, a rubuta abin da aka gani kafin a buɗe littafin hotuna, don kada hoto ya gaya wa ido abin da bai gani ba. Littafin Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fara fitowa a 2001, shi ne aka fi riƙewa a hannu.

In kuma yara sun harbo wani da danƙo, ko an tsinci mushensa, aka ga ɗan zobe a ƙafarsa, kada a jefar. A kwafe lambar da duk rubutun da ke jiki, a haɗa da ranar da sunan garin, a aika wa cibiyar da ke Laminga.